Sharhi: Rasitin lantarki ya tura masana'antun Najeriya zamanin dijital, amma gyaran tsarin aiki ne kan gaba

A ranar 1 ga Agustan 2025 Hukumar Tara Haraji ta Tarayya, FIRS, ta fara aiwatar da tsarin rasitin ciniki na lantarki a kan manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 ko fiye a shekara. Daga bisani ta ƙara musu wa'adi zuwa 1 ga Nuwamba domin su kammala haɗa kwamfutocinsu da nata, tare da sanar da cewa matsakaita da ƙananan kamfanoni za su biyo baya daki-daki.

A ƙarƙashin tsarin, duk rasitin da kamfani ya fitar wa wani kamfani sai ya ratsa ta na'urar hukumar, ta tantance shi, ta ba shi lamba ta musamman da tambarin da ake iya karantawa da waya. Manufar gwamnati a bayyane take: toshe kafar rasitin bogi da ɓoye ciniki, musamman a harajin VAT wanda ke kan kashi 7.5 cikin 100.

Sai dai tasirin matakin ya zarce batun haraji. Shekaru da dama ana kiran masu masana'antu da su rungumi fasahar dijital, a tarurruka da jawabai, suna amsawa gwargwadon son ransu da ƙarfin aljihunsu. Yanzu doka ce ta shigo. Abin dubawa shi ne ko wannan tilasci zai sa masana'antun su ƙara inganci, ko kuwa zai zama ƙarin nauyi kawai a kan ɓangaren da tuni yake numfashi da ƙyar.

Rasiti wutsiyar aiki ce

A masana'anta, rasiti shi ne mataki na ƙarshe a jerin ayyuka masu tsawo. Kafin a rubuta shi, an sayo ɗanyen kaya, an auna, an shigar sito, an fitar zuwa inji, an sarrafa, an ƙirga abin da ya fito da abin da ya lalace, an loda a mota. Idan littafin mai kula da sito bai yi daidai da na heluman ɗakin injuna ba, na heluma kuma ya saɓa wa na akanta, to rasitin da za a aika wa hukuma zai ɗauki wannan saɓani ya kai shi gaban gwamnati cikin daƙiƙa kaɗan.

A da, irin wannan giɓi ana cike shi ne a ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, akawu su zauna su daidaita alƙaluma. Tsarin da ke tantance ciniki a lokacin da ake yin sa ya rage wannan dama. Saboda haka kamfanin da ke son bin doka ba tare da tangarɗa ba, dole ya waiwayi yadda bayanai ke tafiya daga ƙofar shigo da kaya har zuwa ƙofar fitar da su. A nan ne ainihin aikin yake, kuma sayen manhaja mai tsada ba ya yin sa da kansa.

Abin da tarihi ya nuna

Tarihin masana'antu a wasu ƙasashe ya tabbatar da haka fiye da sau ɗaya. An fara kafa tashoshin wutar lantarki a Amurka da Ingila a farkon shekarun 1880, amma sai a shekarun 1920 aka ga amfanin wutar sosai a yawan abin da masana'antun Amurka ke samarwa. Masanin tarihin tattalin arziki Paul David ya bayyana dalili a wani nazari da ya wallafa a 1990. Masu masana'antu na farko sun cire injin tururi ne suka dasa babban injin lantarki guda a gurbinsa, suka bar sandunan ƙarfe da bel-bel da ke juya sauran injuna yadda suke. Riba ta zo ne bayan da aka bai wa kowane inji ƙaramin injin lantarkinsa, aka sake jera ɗakin aiki bisa yadda kaya ke bi daga hannu zuwa hannu.

A shekarun 1980 kamfanin motoci na General Motors ya kashe biliyoyin daloli wajen sayen injuna masu sarrafa kansu domin ya kamo kamfanonin Japan. A sabuwar masana'antarsa ta Hamtramck an ruwaito injunan fenti suna fesa wa junansu fenti. A daidai wannan lokaci, a 1984, kamfanin ya haɗa gwiwa da Toyota suka sake buɗe wata tsohuwar masana'antarsa da ke Fremont a jihar Kalifoniya, suka mayar da akasarin tsofaffin ma'aikatan, ba tare da tara sababbin injuna masu yawa ba. Abin da aka sauya shi ne tsarin aiki: kowane ma'aikaci ya samu ikon tsayar da layi idan ya ga kuskure, kuma ba a tara kayan da ba a buƙata nan take. Cikin ɗan lokaci masana'antar ta shiga sahun gaba a inganci cikin dukkan masana'antun General Motors.

A cikin gida ma akwai darasi. A Fabrairun 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta ƙaddamar da manhajar Eto domin tsara shigar manyan motoci tashoshin Apapa da Tin Can a Legas. Dogayen layukan tireloli sun ragu idan aka kwatanta da shekarun baya, amma direbobi da masu motoci sun ci gaba da kokawa kan shingayen karɓar na-goro da cinikin tikiti a bayan fage. Manhajar ta gyara ɓangaren da aka miƙa mata, wato jerin gwano. Ɓangaren da ya rage a hannun mutane ya ci gaba da halinsa.

Inda ribar take

Wannan ba ya nufin fasahar dijital ba ta da amfani ga masana'antun ƙasar. Halin da suke ciki ma ya sa amfaninta ya fi na da.

Na farko shi ne makamashi. A Afrilun 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga rukunin A, inda masana'antu da dama suke, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, kafin a ɗan sassauta shi daga baya. Ga kuma kuɗin dizal na janareta. Masana'antar da ke da mita guda a bakin ƙofa ta san abin da za ta biya ne kawai, ba ta san inda wutar ke tafiya ba. Ƙananan na'urorin aunawa da ake liƙa wa kowane inji suna nuna wanda ke juyawa babu kaya a cikinsa, da injin matse iskar da ke aiki dare da rana saboda bututu na yoyo, da layin da ya fi dacewa a kunna a lokacin da wutar gwamnati ta fi tsayawa.

Na biyu shi ne kuɗin da ke kwance a sito. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ba da rance a kusan kashi 30. Lissafin mai sauƙi ne: ɗanyen kaya na naira miliyan 100 da aka sayo da bashi, idan ya kwana wata uku a sito, ya ci naira miliyan 7.5 na kuɗin ruwa kafin ya taɓa inji. Kamfanin da ya san ainihin abin da ke sitonsa da abin da dilolinsa suka sayar a makon jiya zai iya rage wannan asara. Wanda bai sani ba yakan sayi abin da yake da shi, ya rasa abin da yake buƙata.

Na uku shi ne gyaran injuna. Akasarin kayan gyara daga waje ake shigo da su, da dala, kuma sukan ɗauki makonni kafin su fito daga tashar ruwa. Na'urar da ke auna zafi da girgizar inji tana iya nuna cewa wani ɓangare ya kusa lalacewa tun kafin ya tsaya. Ko da babu irin wannan na'ura, rubuta tarihin gyaran kowane inji a kwamfuta yana nuna abin da ke yawan lalacewa da tazarar da yake ɗauka.

Turakun da ba su tsaya da ƙafafunsu ba

Duk waɗannan suna dogara ne da wuta, da intanet, da kuɗin waje, da ƙwararru, kuma babu ɗaya cikinsu da ya wadatu.

Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 tana raba wutar da galibi ke tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, a lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ke lalace sakamakon ta'annati. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, da na Kakuri a Kaduna, sun koma kan dizal ko sun rufe ƙofa.

A ranar 14 ga Maris na 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Kodebuwa ta tsayar da ayyukan bankuna da kamfanoni da dama. Shirin ƙasa na faɗaɗa intanet mai ƙarfi ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin 100 a 2025, amma aka shiga shekarar ba a kai rabi ba. Tsarin da ke buƙatar a tantance rasiti ta intanet dole ya tanadi abin da za a yi a ranar da layi ya yanke alhali tirela na jiran takarda a bakin ƙofa.

Manyan manhajojin tafiyar da kamfani irin su SAP da Oracle na ƙasashen waje ne, farashinsu kuma yana bin dala. Dalar da ke kusan naira 460 a kasuwar gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ƙwararrun da ke iya dasa irin waɗannan manhajoji kuma suna cikin waɗanda suka fi samun aiki a ƙetare.

Ƙananan kamfanoni a tsaka mai wuya

Manyan kamfanonin siminti, da na abinci da abin sha da ke Ikeja da Agbara da Ota, sun daɗe da irin waɗannan tsare-tsare, haɗa su da na hukumar haraji aikin injiniyoyi ne kawai. Damuwar tana wajen na ƙasa da su. Binciken hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan ma'aikata.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura da yawansu karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS. Alƙaluman NIBSS sun nuna kuɗin da aka tura nan take ta bankuna ya kai kimanin naira tiriliyan 600 a 2023, ya haura tiriliyan 1,000 a 2024. Wato mai ɗinkin takalma a Ariaria ta Aba, da mai ƙera kayan gyaran mota a Nnewi, da mai injin casar shinkafa a Kano ko Kebbi, suna da tarihin kuɗin da ke shigo musu. Abin da da yawansu ba su da shi shi ne rubutaccen lissafin abin da suka kashe wajen samar da kowane buhu ko kowace dozin.

Idan babban kamfani ya wayi gari yana buƙatar rasitin da hukuma ta tantance domin kare lissafin harajinsa, zai fi son mai kawo masa kaya wanda zai iya ba shi. Ƙaramin kamfanin da ya kasa zai iya rasa babban abokin cinikinsa, ko da kayansa sun fi kyau da araha.

Ma'aikata ma suna da nasu fargabar. Aikin akawun da ke kwafe alƙaluma daga littafi zuwa littafi zai ragu. Buƙatar masu gyaran na'urorin aunawa da masu karanta bayanan inji za ta ƙaru. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 domin horar da mutum miliyan 3 ya fi karkata ga masu rubuta manhaja da nazarin bayanai. Ɗakin injuna na buƙatar a tafi da kwalejojin fasaha da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa tun 1971 domin irin wannan aiki.

Abin da ya rage a yi

Ga masu masana'antu, matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a bi kaya da ƙafa daga sito zuwa mota, a rubuta kowane wurin da ake jira, ko ake sa hannu sau biyu, ko ake ƙirga abu ɗaya sau uku, a kawar da abin da ba shi da amfani. Bayan haka ne za a san manhajar da ta dace, kuma sau da yawa ƙarama ce wadda matasan ƙasar nan za su iya rubutawa a biya su da naira.

Ga gwamnati, kafin a faɗaɗa dokar zuwa ƙananan kamfanoni, ana buƙatar hanya mai sauƙi da ke aiki a wayar hannu, cikin harsunan da 'yan kasuwa ke ji, wadda kuma ke iya ajiye rasiti idan intanet ya yanke. Rancen Bankin Masana'antu zai iya haɗawa da mitoci da horo, ba injuna kaɗai ba. Haka kuma hukumomi su gyara nasu tsarin. An ƙaddamar da shirin taga guda ta shige da ficen kaya a Afrilun 2024, Hukumar Kwastam kuma ta fara amfani da manhajarta ta B'Odogwu. Mai masana'antar da aka buƙaci ya kai rahoton cinikinsa cikin daƙiƙoƙi yana da haƙƙin ya tambayi kwana nawa kwantenar kayan gyaransa za ta yi a Apapa.