Ra'ayinmu: Mun Je Gidan Makama, Mun Dawo da Hoton Haƙoranmu



A zangon da ya wuce an kai mu yawon buɗe ido Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Da muka dawo, malamin kulob ya ba mu wayarsa mu zaɓi hotunan da za a liƙa a wannan allo. Gaskiya mun ji kunya. Kusan kowane hoto mu ne a jere, an washe baki, wani ya ɗaga yatsu biyu. Ginin da iyayenmu suka biya kuɗin mota don mu gani kuwa, sai ɗan gefen katanga a bayan kunnen wani.

Gidan nan tun ƙarni na 15 yake, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. A ce mun shiga irin wannan wuri ba wanda ya ɗaga kai sama?

A darasin zane an koya mana daidaito, da maimaitawa, da haske da inuwa. Mun haddace su saboda jarrabawa, mun ajiye su a aji. Ashe maginan dā sun riga mu sani. Dubi zankwaye a kan soro, ɗaya a dama ɗaya a hagu: daidaito ke nan. Shiga babban zaure ka ɗaga kai, za ka ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu a tsakiya, ga azara an jera ta reras. Ramukan rini na Ƙofar Mata ma da'ira ce bayan da'ira. Da wani ya durƙusa ya ɗauke su a jere, da mun sami hoton maimaitawa wanda ya fi na cikin littafi.

Maganar haske kuma, ba laifinmu ba ne mu kaɗai. Sai da rana ta take tsaka muka isa. A lokacin zanen da ke jikin bango ba ya fitowa, don ba shi da inuwa. Da safe ko bayan la'asar haske na zuwa daga gefe, kowane lanƙwasa sai ya fito raɗau.

Wani zai ce ai hotunan nan suna nan cike a intanet. Na fada da na manyan ƙofofi, e. Amma wa ya ɗauki tsohon zauren lungunku? A unguwar ɗaya daga cikinmu an rushe wani soro mai zanko bara, aka yi shaguna da bulo da kwano. Ba mu ga laifin masu gida ba, ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma kuɗi ne. Sai dai ko hoto ɗaya ba a bari ba. Ganuwar Kano ma, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 ke nan, wasu wuraren ta zama tudun ƙasa, wasu an yi gini a kanta.

Mun san an hana zuwa da waya makaranta, kuma ba mu ce a soke dokar ba. Roƙonmu ga Shugaban Makaranta shi ne, a tafiya ta gaba a tashi da ƙarfe 7:30. A raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da malami ɗaya da wayarsa. Wasu su nemo zanko da indararo, wasu ƙofofi, wasu zanen bango. Mu kuma mun yi alkawari za mu yi sallama mu nemi izini kafin mu ɗauki gidan kowa, ba kuma za mu leƙa cikin gida ba.

Hoton washe baki a bar shi zuwa ƙarshe, guda ɗaya ya isa. Goma mafi kyau na gine-gine za mu yi karo-karo a wanke su, mu liƙa a nan tare da sunan wurin da ranar da aka ɗauka.