Mu Daina Zagin Allo, Mu Auna Wuta

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu ajiye. Da zarar allon Arduino ya fara mutuwa yana tashi da kansa, sai mu ce jabu ne aka sayar mana. Washegari mu sayo sabo, shi ma ya yi irin na jiya. Kuɗin ɗalibi ya tafi, ranar nuna aiki ta matso, kuma har yanzu babu wanda ya ɗora mita a kai.

Wannan lalaci ne, ba rashin sa'a ba.

Arduino Uno da bolt 5 yake aiki, kuma abin da yake samu ta wayar USB bai wuce miliyam 500 ba. Ƙaramin injin servo guda, idan ya cije, yana iya zuƙe wannan duka. Wutar ta faɗi, allon ya sake tashi daga farko. Ina laifinsa a nan? Haka ESP32 yake yi lokacin da ya kunna Wi-Fi a kan siririyar wayar caji.

Wasunmu kuma sai su ce a ƙara wuta, su jona bolt 12. Regiletar da ke kan allon zafi take mayar da rarar bolt 7 ɗin. Idan ana jan miliyam 300, sama da wat 2 ke nan a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Dole ta yi zafi ta yanke. Batirin nan mai bolt 9 ma ba ya ɗaukar inji, nan da nan yake durƙushewa.

Za a ce mita da tsada. Allo biyu da aka jefar ba su fi ta tsada ba?

Mu auna tsakanin 5V da GND lokacin da injin ke juyi, ba yana hutawa ba. Mu canza waya. Mu ba inji wutarsa daban, amma mu haɗa GND ɗinsu wuri guda, sannan mu sa kafasita kusa da shi. Idan bayan haka allon ya ci gaba da mutuwa, to mun sami hujjar komawa wurin mai shago. Kafin nan, mu yi masa adalci.

Allah Ya sa mu gyara.