A bar yara su ƙera motarsu

Da kaka ta yi, in ka bi hanyar Rano zuwa Kibiya, za ka ga yara a bakin gona sun baje karan dawa suna ƙera mota. Na taɓa tsayawa kan wani yaro: ya feƙe ɓawon kara da reza, yana soke shi a totuwa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, sannan ya lanƙwasa gwangwanin madara ya yi mata goshi irin na gingimari, har da rubutun gawayi a bayanta. Ni a ganina wannan ta fi motar robar da ake sarowa daga kasuwar Sabon Gari daraja nesa ba kusa ba. Ita ta roba a gama take zuwa, yaro ya ja ta kwana biyu ta fashe. Ba a nan kaɗai ake daraja ƙerawa da hannu ba: a Japan kamfanin Tamiya yana sayar da ƙananan motocin roba a wargaje, mai saye ya harhaɗa ya yi fenti da kansa, kuma manya ma suna yi. Rano da tarihi ya sa ta cikin sarakunan baba na rini, garin masu sana'ar hannu, bai kamata a riƙa korar yaranta daga wannan aiki da sunan ɓata lokaci ba. Malaman firamare su ware musu awa ɗaya a mako, iyaye kuma su taya su riƙe rezar.