TAMBAYA BA RASHIN KUNYA BA CE

A hutun da ya wuce, wani dare bayan sallar isha'i, yayana ya kunna wani tsohon shiri na talabijin a wayarsa muna zaune a tsakar gida. Shirin na watan Janairu ne na 1919... a'a, in faɗa daidai, na 2019, gab da babban zaɓe. Ga marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, zaune tare da mataimakinsa Yemi Osinbajo, ga kuma wata mace tana yi musu tambayoyi. Baffana ya kalla na ɗan lokaci, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba ta san girman manya ba. Mutum ya haife ki, kina katse masa magana?"

Ni dai ban ce uffan ba, don a gidanmu yaro ba ya tsoma baki a zancen manya. Amma maganar ta tsaya mini a rai har muka dawo makaranta. Na san wannan mujalla za ta kai hannun Baffa, don Baba yakan ba shi ya karanta. Saboda haka ina neman gafararsa tun da wuri, ga amsar da na kasa bayarwa a wannan dare.

Sunan matar Kadaria Ahmed. A Kano aka haife ta a 1967, ta yi karatu a Jami'ar Bayero, sannan ta tafi Landan ta yi digiri na biyu a kan aikin talabijin a kwalejin Goldsmiths. Ta yi shekaru tana aiki da BBC, a sashen da ke shirya labaran Afirka da Turanci. Da ta dawo gida ta zama edita a jaridar NEXT ta Legas. Wannan jarida ta yi suna a farkon 2010, lokacin da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa yake jinya a Saudiyya, na kusa da shi suna ta rufa-rufa, ita kuwa jaridar ta nace sai an gaya wa jama'a halin da yake ciki.

Yawancin mutane sun fara saninta a watan Maris na 2011, da ta jagoranci muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a tashar NN24. Janar Buhari da Malam Nuhu Ribaɗu da Malam Ibrahim Shekarau sun hallara, Shugaba Goodluck Jonathan bai zo ba. A 2017 ta fara shirin The Core a tashar Channels, a 2019 kuma ta yi shirin da muka kalla, mai suna The Candidates, wanda aka watsa ta NTA. Daga baya ta kafa gidan rediyo a Legas.

To, jama'a, mu koma kan maganar Baffa. Gaskiya ne Buhari yana da shekara 76 a lokacin, ya isa ya haife ta. Da a gidansa na Daura ta same shi, wajibinta ne ta durƙusa ta gaishe shi, ta sunkuyar da kai. Amma a wannan dare ba a matsayin uba ya zauna ba. Ya zo ne neman aiki, watau yana roƙon mutane su ƙara masa shekara huɗu. Ko magini mutum zai ɗauka ya yi masa ɗaki, komai furfurarsa sai an tambaye shi buhun siminti nawa zai ci, kuma me ya sa katangar da ya gina bara ta tsage. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Ina ga wanda za a danƙa wa baitulmali da sojoji da makarantunmu?

Kuma ita ba don kanta take tambaya ba. Manomin da aka kora daga gonarsa ba shi da hanyar shiga fadar Aso Rock. Tsohuwar da ta kwana a layin asibiti ba za ta taɓa zama kujera ɗaya da ɗan takara ba. In mai riƙe da makirufo ta ji nauyi ta yi shiru, bakinsu duka ta rufe. Na lura a shirin mataimakin shugaban yakan karɓi wasu tambayoyin ya amsa. Da ta bar abin ya tafi haka har ƙarshe, da masu kallo sun tashi ba su ji daga bakin wanda za su jefa wa ƙuri'a ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, bayan mako biyu ta zauna da Alhaji Atiku Abubakar da Peter Obi. Ta tsare Obi a kan kuɗin jihar Anambara da aka zuba a wani kamfani da aka ce iyalinsa na da hannu a ciki, shi kuma ya kare kansa. Washegari magoya bayansu suka yi mata ca, wai ta fi tsananta musu. Baffa na ganin ta raina Buhari, waɗancan na ganin ta yi masa sassauci. Kowa dai kunyar da yake nema a ji wa gwaninsa ce.

Akwai wuri guda da ni kaina na daɗe ina juya shi. A watan Afrilu na 2019 ta shiga zanga-zanga a Abuja saboda kashe-kashen Zamfara, har ta faɗa a gaban kyamara cewa ba a taɓa gwamna marar amfani kamar gwamnan jihar na lokacin ba. Zafin zuciyarta na gane shi sarai, don akwai 'yan ɗakin kwananmu da ba sa iya zuwa ƙauyukansu hutu. Duk da haka ina ganin wannan kalma ta rage mata wani abu. Wanda ka riga ka yanke wa hukunci a titi, gobe in ka gayyace shi shirinka yana da hujjar ƙin zuwa, ko ya zo ya ce ai dama kai maƙiyinsa ne. Ƙawata ta ce in ana binne mutane kullum, ba lokacin auna kalmomi ba ne. Har yau ba mu daidaita ba ni da ita.

Ga iyayenmu kuma ina da roƙo. Duk lokacin da ɗayanmu ta ce tana son aikin jarida, sai a ce ta yi malanta ko aikin jinya, wai talabijin ba wurin 'ya mace ba ne. Malanta da jinya ayyuka ne masu daraja, ban musa ba. Amma in ba mu shiga ba, wa zai tambayi gwamna da Hausa, a gaban kowa, dalilin da ya sa mata ke mutuwa wajen haihuwa a ƙauyen da aka yi wa alkawarin asibiti tun zaɓe biyu da suka wuce?

Wannan zangon na shiga ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, mu ne muke karanta labarai ranar Litinin a wurin taron safe. Malamin da ke kula da mu ya yarda mu yi hira da hukumar makaranta sau ɗaya kafin jarrabawa. Na riga na rubuta tambayata a bayan littafin lissafi, a kan famfon ɗakin kwananmu ne da ya lalace tun bara. Zan gaishe su yadda ya kamata, sannan in tambaya. In aka amsa mini da zancen fentin da aka yi wa ɗakin taro, zan ce, "Ranka ya daɗe, famfon nake nufi."