Shaye-shaye a Mubi: Gado da katanga ba sa raba matashi da ƙwaya

Duk lokacin da maganar shaye-shaye ta iso teburin masu tsara kasafi a Abuja, abin da ya fi saurin samun gurbi shi ne gini. A gina cibiya, a kewaye ta da katanga, a jera gadaje, a gayyato babban baƙo ya yanke ƙyalle. Gini yana da daɗin ɗauka a hoto, kuma ɗan kwangila ya san ƙofar da zai bi ya karɓi kuɗinsa. Sai dai gado bai taɓa warkar da kowa ba. Mutanen da ke tsaye a kan gadon su ne magani, su ɗin ma sai idan suna magana da juna.

Mubi gari ne da ya dace a auna wannan batu da shi. Yana dab da iyakar Kamaru, yana da babbar kasuwar shanu, ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye garin, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba, sannan bama-bamai suka tashi a masallatai a Nuwamban 2017 da Mayun 2018. Yaron da ya gudu cikin duwatsu yana ɗan shekara goma, yau ya haura ashirin. Ba kowane mashayi ne yaƙi ya jefa cikin ƙwaya ba, amma mai jinyar matashin Mubi da bai tambaye shi yadda yake barci da abin da yake gani a mafarki ba, ya bar rabin aikin.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma kusan miliyan 3 daga ciki abin ya riga ya zame musu cuta. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin ƙasar ba su kai 300 ba, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa maso Gabas guda ɗaya ne, na Maiduguri. Ke nan duk tsarin da aka ɗora a wuyan likita shi kaɗai ya mutu tun a takarda.

A ɗauki misalin matashin da aka kwantar saboda Tramol. Ƙwayar da ake rubutawa a asibiti mai miligiram 50 ko 100 ce, ta kan titi kuwa takan kai 225, kuma yawanta na jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A kwanakin farko na dainawa akwai zufa, gudawa, ciwon gaɓɓai, rashin barci da firgita. Nan aikin likita ne da ma'aikatan jinya, musamman mai kwana a ɗaki, wadda ita ce ke ganin abin da ke faruwa da ƙarfe biyun dare. Mai harhaɗa magunguna ne zai lura idan maganin damuwar da aka rubuta ba ya shiri da abin da ya saura a jinin majinyaci, kuma shi ne zai tsare ma'ajiya kada cibiyar da kanta ta koma kasuwa. Ɗakin gwaje-gwaje ne zai gano ciwon hanta ko ƙanjamau ga wanda ya taɓa yin allura.

Bayan mako biyu jiki ya lafa, sai a ɗauka an gama, alhali a lokacin ne aka fara. Masanin halayyar ɗan Adam zai zauna da shi mako bayan mako har ya gane abin da ke tunzura shi. Mai koyar da sana'a zai cike masa yinin da a da ƙwaya ke cikewa. Jami'in walwalar jama'a kuma zai je gidansu, ya ji ko mahaifi ya yarda ya karɓe shi, ko matarsa ta yi yaji, ko ubangidansa a tasha shi ne mai ba shi ƙwayar don ya jure aikin dare. Idan wannan labari bai dawo kunnen likita ba, za a sallami yaro ya koma majalisar da ya baro, an gudu ba a tsira ba.

Abin takaicin shi ne, ɓangaren lafiya na gwamnati ya fi shahara da jayayya a kan girma fiye da haɗa kai. Rikicin Ƙungiyar Likitoci da gamayyar JOHESU a kan albashi da shugabancin asibiti ya kai har aka naɗa kwamitin Alhaji Yayale Ahmed, wanda ya miƙa rahotonsa a 2014, amma hakan bai hana yajin aikin makonni shida a 2018 ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kowane ɓangare na da laifinsa. A ɗakin tiyata wataƙila a iya lallaɓawa a haka, domin ana gamawa cikin sa'o'i. Jinyar mashayi ta watanni ce, kuma mashayi gwani ne wajen gane ɓaraka tsakanin masu kula da shi: zai faɗa wa nas wata magana, ya faɗa wa likita wata.

Rarrabuwar ta kai har sama. Hukumar NDLEA, wadda ɗan asalin Michika, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ya karɓi ragamarta a Janairun 2021, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ne, asibitoci kuma suna ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. Wanda hukumar ta kama ta yi wa nasiha da wanda aka kai asibiti a sume sau da yawa mutum ɗaya ne, amma fayil ɗinsa biyu ne da ba su taɓa haɗuwa ba.

Inda hukuma ta bar giɓi, gidan mari ke cikewa. Ƙasa ta gani a 2019 lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa mafita suka yi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci, amma doka ba ta kwana a ɗakin jinya. Malami da fasto suna da gurbi a cikin tawaga, musamman a gari irin Mubi da ke da masallatai da majami'u, matuƙar za su zo da nasiha su bar sarƙa. Ba baƙon tunani ba ne: tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya jawo dangi da masu maganin gargajiya cikin jinyar masu taɓin hankali a Aro ta Abeokuta.

Yanzu da Mubi ke da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, alƙalamin ya dawo hannun masu karanta wannan shafi. Ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa na iya zuwa daga Yola ko Maiduguri lokaci-lokaci, ya kuma shiga taron mako-mako ta waya. Sauran kuwa dole su zauna a garin, su rubuta a fayil ɗaya, su haɗu a tebur ɗaya, jagoranci yana sauyawa daga hannun likita a makon farko zuwa hannun masanin halayya da jami'in walwala a watannin baya. Hakan na buƙatar amincewar ɗaukar ma'aikata, da alawus ɗin da zai riƙe su a kan iyaka, da man babur ɗin ziyarar gida. Don haka hadimin da aka miƙa wa takardar neman kuɗin cibiyar gyaran hali ya tsallake shafin siminti da rodi, ya fara duba shafin ma'aikata: guraben masana halayya nawa aka nema, na jami'an walwala nawa, kuma wa zai biya su a shekara ta biyu.