Shawarar Wata: In Rezo Ya Ɓace Cikin Ɗaki

Manomi yana jiran kiran ɗansa da ke ci-rani. Cikin ɗaki salula shiru, tsakar gida sai ta yi ƙara. Kada ya yi saurin kai kuɗi ga mai gyara.

Rufin kwano da bango mai kauri su ke tare rezo, kwano ya fi ɓarna. A ajiye salula bakin taga, gefen da ke kallon anteni. Ƙarƙashin matashin kai ba wurinta ba ne.

In 4G ta ƙi, a maida ta 2G, ta isa magana. A kashe, a kunna.

In salular maƙwabci ta kama nan ɗakin, alhali kamfaninsu ɗaya, sai a fidda sim a goge. In ta ƙi, ranar kasuwa a kai gyara.