Fina-finan Ostiraliya da Gidajen Kallonmu Suka Manta da Su

Jama'a, duk wanda ya leƙa gidajen kallo a garuruwanmu, tun daga Unguwar Ya har zuwa Gwaram, ya san abin da zai tarar: ƙwallon Ingila, ko fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, ko na Amurka da ake ta harbe-harbe babu dalili. Ba mu ce a daina ba. Amma muna ganin an yi mana rowa, domin akwai wata ƙasa mai suna Ostiraliya wadda labaran fina-finanta suka fi kusa da rayuwarmu, ga shi kuwa ba mai kawo mana su.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Rabbit-Proof Fence, na shekarar 2002, wanda Phillip Noyce ya shirya. Labari ne na gaskiya. A 1931 hukuma ta ƙwace 'yan mata uku, Molly da Daisy da Gracie, daga hannun iyayensu mata a ƙauyen Jigalong, saboda kawai ubanninsu Turawa ne, uwayensu kuwa 'yan asalin ƙasar. Aka kai su wani sansani a Moore River don a koya musu aikatau, a kuma raba su da harshensu. Molly, mai shekara 14, ta ja ƙannenta suka gudu. Ba taswira, ba guzuri. Abin da suka bi shi ne shingen waya da aka kafa don hana zomaye shiga gonaki, domin ta san ya ratsa ta garinsu. Mako tara suna tafiya a ƙafa, wajen kilomita 1,600, wato ya ninka tafiyar Birnin Kudu zuwa Kano fiye da sau goma. An sake kama Gracie a hanya, biyun suka isa gida. 'Yar Molly ce, Doris Pilkington, ta rubuta labarin a 1996, ita ma kuwa an raba ta da uwarta tun tana ƙarama.

A nan ne fim ɗin ya taɓa mu, 'yan'uwa. Rahoton binciken da aka fitar a ƙasar a 1997 ya nuna cewa da yawa daga yaran da aka ƙwace a gidajen mishan aka ajiye su. Masu riƙon nasu suna ganin taimako suke yi. Daga baya wasu ikkilisiyoyin can suka fito suka nemi gafara, Firayim Minista Kevin Rudd ma ya nema a madadin gwamnati ranar 13 ga Fabrairu, 2008. Mu da muke tura 'ya'yanmu riƙo da aikatau a birni da sunan gata, ya kamata mu zauna mu kalli fuskar uwar Molly lokacin da motar hukuma ta tashi.

Na biyu shi ne Ten Canoes, na 2006, wanda 'yan wasansa suke magana da harsunan gargajiya na arewacin ƙasar. Tatsuniya ce sak: wani saurayi ya sa ido a kan amaryar wansa, shi kuwa wan, maimakon faɗa, sai ya yi ta ba shi labarin kakanni suna cikin sassaƙa kwalekwale. Akwai dariya a ciki sosai. Sai dai mu faɗa tun da wuri, 'yan wasan ba sutura a jikinsu, kamar yadda kakanninsu suka rayu, don haka ba na yara ba ne. Mutanen nan su ma suna da zane-zanen kakanni a jikin duwatsu, irin zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa takawa mun gani ba.

Masu sha'awar raƙuma kuma su nemi Tracks, na 2013, labarin Robyn Davidson da ta ratsa hamada a 1977 da raƙuma huɗu da kare ɗaya. Yana da jan lokaci, sai mai haƙuri.

Za a ce mana Turancin yana da wuya. To, ai kowace Lahadi da baƙo ya hau mumbari akwai mai fassara a gefensa. Shawararmu ga shugabannin matasa da Zumuntar Mata ita ce a zaɓi wata Asabar bayan an gama girbi, a ari janareto, a rataya farin zane a bangon majami'a, a sa malamin makaranta ɗaya ya riƙa fassarawa. A fara da labarin Molly, a kuma ajiye wa iyaye mata kujerun gaba.